Likita, kunnena na hagu ya toshe tun bayan mura

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Allah Ya saka da alheri kan wannan fili da kake amsa mana tambayoyi.

Ni tela ce a Funtuwa. Da shigowar hunturu na yi wata mura mai nauyi. Murar ta tafi, amma ta bar min kunnen hagu a toshe. Ba ya ciwo, ba ya fitar da komai, sai nauyi kamar an cusa auduga. In ina magana muryata nake ji tana amsa-kuwwa a cikin kaina. In na haɗiyi yawu ko na yi hamma sai ya yi ƙas ya buɗe, kafin in ce alhamdulillahi ya sake rufewa. Mai kawo ɗinki in ta tsaya ta hagu, sai na juya mata kunnen dama kafin in ji me take so.

Kowa da nasa bayanin. Mai kemis ɗin unguwarmu, ko leƙawa bai yi ba, ya ce dauɗa ce ta taru, in riƙa ɗiga man zaitun. Surukata kuwa wanzami take so ya zo ya ƙwaƙule, ni ko tsoron ƙarfensa nake. Ƙanwata mai karatun jinya ta ce akwai siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, mura kan kumbura ta, iska ta kasa shiga, har ruwa ya kwanta a bayan dodon kunne. In haka ne, ta ce, abin da aka ɗiga daga waje ba zai kai can ba. Maganarta ta fi kwanta min.

Abin da ya hana ni ɗiga komai shi ne, ina ƙarama wannan kunnen ya daɗe yana zubar da mugunya, kuma na ji kana cewa kunnen da dodonsa ya taɓa hujewa ba a zuba masa abu sai an duba.

To Likita, yaya ake bambance toshewar dauɗa da ta mura? Toshe hanci da hura iska a hankali, kamar yadda ƙanwata ta nuna min, yana da illa ga irin kunnena? Irin wannan yakan warware da kansa, ko jira zai taɓa min ji? Kuma babban asibitinmu ya isa a leƙa min da na'ura, ko sai na je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna?

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronka kullum,
daga Funtuwa