Shawara ga masu neman kyamarar babban fim mai araha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu da suka fara sha'awar kyamarar babban fim, irin wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya leƙa gilashin baya ya ga mutum kai ƙasa ƙafa sama. Kullum tambayarsu ɗaya ce: wacce ce mai araha? Ni kuwa na ce akwatin ba shi ne mai cinye kuɗi ba.

Wanda zai fara ya tsaya a kyamarar da fim ɗinta ke da girman inci 4 da 5. In tsohuwa yake so, ga Crown Graphic ta kamfanin Graflex na Amurka, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa 1973 domin 'yan jarida. Tana naɗewa, tana jure wahala, kuma sau da yawa ana sayar da ita da idonta, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa. In sabuwa ce, akwai Intrepid ta Ingila, ta katako, marar nauyi, sai dai iska kaɗan ta isa ta girgiza ta. Masu tafiya kan dogon ƙarfe irin su Calumet da Cambo sukan yi arha, amma na situdiyo ne. Wa zai ɗauke su zuwa hawan sallah?

Kuɗin ya tafi kan idon kyamara. Mai milimita 150, Fujinon ko Schneider, ya wadatar shekara da shekaru, in dai murfin da ke cikinsa, mai buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto, ba ya maƙalewa. Sai fatar nan mai kama da zugazugin maƙeri da ke tsakanin idon da gilashin baya: a shiga ɗaki mai duhu, a kunna tocila a cikinta. In haske ya ɓullo ko ta ƙaramar huda, a rage kuɗi ko a haƙura.

Sannan fim. Gidan fim, wato akwatin da ake zura fim a ciki a sa a bayan kyamara, falle biyu kawai yake ɗauka, kuma Fomapan, da ya fi Ilford sauƙi, shi ma daga waje za a yi odarsa. Shi ya sa nake cewa mai koyo ya nemi fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Falle ɗaya mai inci 8 da 10 yana ba da huɗu, a yanka shi ƙarƙashin jar fitila. Gabansa da bayansa duka suna da maganin da ke kama hoto, saboda haka yana saurin karcewa wajen wanki. Lokacin hunturu kuma a riƙa ɗaure gidajen fim cikin leda, don duk ƙurar da ta shiga sai ta fito a fuskar mutum a cikin hoton.

Naka,
Wani tsohon mai ɗaukar hoto,
Zariya