Shafin Shahnama da aka yi gwanjonsa: daga wane littafi aka yago shi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na al'adu da kuka kawo labarin shafin nan na Shahnama da aka sayar a gwanjo a Landan a 2022 kan fam miliyan 8 da 'yan kai. Kun yi ta nanata kuɗin, amma ba ku gaya mana yadda warƙa guda ta rabu da 'yan'uwanta har ta kai gaban masu tayi ba.

Shahnama waƙa ce ta sarakunan Farisa, mai baiti kusan 50,000, wadda mawaƙi Firdausi ya kammala a 1010. Kwafin da shafin ya fito daga ciki kuwa a birnin Tabriz na Iran aka yi shi, a fadar sarkin ƙasar, Shah Tahmasp, da zane 258. Shuɗin da ke jikinsa dutse ne mai daraja aka niƙa, sararin sama sau da yawa zinariya ce, ruwan rafi kuma azurfa, shi ya sa yau za ka gan shi ya yi baƙi. Zanen da ya fi burge ni shi ne na wani mai zane, Sultan Muhammad: Kayumars, sarkin farko, zaune bisa dutse, jama'arsa sanye da fatar damisa, kuma in ka ƙura ido sai ka ga fuskoki a ɓoye cikin duwatsun. Ba don bango aka yi shi ba. Baitocin suna nan a jikin shafin, mai karatu yana bin labarin sai ya buɗe ya ci karo da abin da yake karantawa.

A 1568 Tahmasp ya aika wa Sultan Salim na biyu na Daular Usmaniyya da littafin kyauta. Littafin ya yi ɗaruruwan shekaru a haɗe. Sai da wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, ya saye shi a 1959, sannan aka kwance shi: zane 78 ya ba gidan tarihin Metropolitan a New York, wasu aka sayar ɗai-ɗai. Ragowar 118 Iran ta karɓo su a 1994 a filin jirgin Viyana, ta hanyar musaya da zane guda ɗaya na de Kooning, wani mai zane na Amurka. Zanen Kayumars ɗin nan yanzu yana Toronto.

Abin ya taɓa ni ne don namu littattafan na hannu ba a ma ɗinke su, warƙa-warƙa suke cikin gafaka. Duk wanda ya taɓa neman ƙarshen wata ƙasida a kayan kakansa ya tarar babu, ya san abin da nake nufi.

Roƙona, in za ku sake taɓo batun, ku nemo wanda ya iya Farisanci ya karanta mana baitocin da ke kan shafin da aka sayar, mu ji yadda jarumi Rustam ya gano dokinsa Rakhsh.

Naku mai sauraro,
daga Zariya