Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Jego A Kan Nono Da Wake

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn, Allah Ya raya shi Ya yi masa albarka. Mu nan Ringim lafiya lau, an gama yankan gero, wake ne ya rage a gona.

Labari ya iso mini cewa ana ba ki shawarar ki riƙa ɗura wa yaron ruwa saboda zafi, ki haɗa masa da madarar gwangwani, ke kuma ki daina cin wake da albasa wai don kada cikinsa ya kumbura. Na san don ƙauna ake faɗa miki, kuma ban ce ki yi musu da surukarki ba, amma aikin ungozoma da na yi ya ɗora mini nauyin in gaya miki abin da na sani.

A cikin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, waɗanda masana suka ƙiyasta cewa a jikin baligi sun kai kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Da yawa daga cikinsu aiki suke yi mana, kuma sai an ciyar da su. Nononki yana ɗauke da sukarin da yaron yake narkarwa ya samu ƙarfi, sannan yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari fiye da 150 waɗanda cikinsa ba ya iya narkar da su ko kaɗan, ga shi kuwa in aka cire ruwa, su ne na uku wajen yawa bayan sukarin farko da maiƙo. Suna wucewa har babban hanji, inda suke zama abincin wasu bakteriya masu amfani da ake kira bifido, waɗanda wani likitan Faransa, Henry Tissier, ya fara ganowa a 1899 a cikin kashin jarirai masu shan nono. Idan suka ƙoshi sai su yawaita, su mayar da hanjin mai tsami, ta yadda ƙwayoyin gudawa ba sa samun wurin zama. Wani abin mamaki shi ne, wasu ƙwayoyin cutar suna manne wa sukarin nan suna zaton bangon hanji ne, sai a fitar da su tare da kashi.

Dakashin da wasu har yanzu suke matsewa su zubar ya fi sauran nono yawan wannan sukari, madarar shanu kuwa kaɗan take da shi ƙwarai. Shi ya sa nake roƙonki da ki tsaya a kan nono zalla har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, don haka ƙishirwa ba za ta dame shi ba ko a zafin bazara. Ruwan randa kuwa cika masa ciki zai yi, ya rage tsotso, wataƙila ma ya shigo masa da cuta.

Ke ma haka naki hanjin yake. A 1995 ne masana biyu, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, suka tsara bayanin irin wannan abinci da suka kira firibayotik, wanda mutum ba ya narkarwa amma bakteriyarsa ke ci. Akwai shi a wake da albasa da tafarnuwa da alkama, sannan geron da ba a surfe shi fes ba, da kuka da kuɓewa da aya, duk suna kai wa hanji harza mai amfani. Kamar harawa ce da ba kya ci da bakinki, amma kike ba akuya ta ba ki nono: bakteriyar suna sarrafa shi su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa a kansu, bayan gida kuma ya yi laushi, abin da mai jego take bukata sosai saboda basir.

Iskar da wake ke sawa daga wannan sarrafawar take fitowa, a cikin hanjinki take tsayawa, ba ta shiga nono. In ta dame ki, ki jiƙa waken ya kwana, ki zubar da ruwan kafin ki dafa, ki fara da kaɗan kina ƙarawa har cikin ya saba. Sukarin shayi da na lemon kwalba kuwa ba sa cikin wannan lissafi, tun a ƙaramin hanji suke shigewa jini.

Kada ki sayi kafso a kemis ki ba yaron ba tare da likita ya rubuta ba, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Zuma ma ki dakata da ita sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar da hanjin jariri bai isa ya kare kansa daga gare ta ba. In kika ga yana gudawa ko ya ƙi kama nono, ki kai shi asibiti a ranar.

Da zarar an roro wake zan aiko miki da tiya biyu da garin kuka ta hannun ƙaninki. Ki gaishe mini da surukarki da kyau, Babanku ma yana gaishe ku.

Wassalam,
Mahaifiyarki