Maganar kayan kunu da yawur ɗin da ka tambaye ni

Assalamu alaikum aminina, ya aiki ya sanyin Tamanrasat, da fatan kana lafiya. Nan Damagaram lafiya lau muke, su Inna na gaishe ka, yaranka ma na gansu ran juma'a sunata girma masha Allah.

Saƙonka ya iso kuma mun saurare shi tare da mai ɗakina tunda ita ce ke kan tukunya kullum, ni nawa sayen kaya ne da kaiwa masu shago. Wallahi naji daɗi da kace zaka kafa wa uwargidanka sana'ar kunun zaki da bisap (ruwan soɓo) da yawur, sana'a ce mai rufin asiri balle ga azumi na tafe. Amma dan Allah kar ka sayi resho ɗin kuran ɗin nan da firigo mai ƙofar gilashi da kace ka gani a shago sai ka gama karanta wannan, dan kuɗin gumi ne bana son ka zuba su inda ba zasu dawo ba.

Ta fannin wuta maganar gajera ce, gas zaka saya. Resho mai wat 1500 in ka ɗora masa ruwa lita 20 sai ya haura awa guda kafin ya tafasa, in ma wutar ta tsaya kenan, ga kontar gida ƙarama da an haɗa shi da firiza sai ta tsinke. Gas kuwa wajen kwatan kilo ya isa ya tafasa wannan ruwan, kuma tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ɗin nan namu ne na gida. Ka samo murhu mai ƙafa uku na ƙarfe mai kauri wanda ke zama ƙasa, ba irin ƙaramin da ake ɗaurawa bisa kan butel mai kilo 6 ba, dan tukunya mai lita 30 bisa wannan hatsari ne ga yara na guje-guje a tsakar gida. A riƙa duba tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa toh yana yoyo a canza shi, kuma kar a aje butel cikin ɗaki rufe saboda gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tukunya kuma inoks, wato ƙarfen da baya tsatsa, musamman ta bisap, tsamin soɓo na cin alminiyom har kaji ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Toh inda nake so ka buɗe kunne shine tsakanin saukewa daga wuta da shiga sanyi, nan ne kayan mutane ke lalacewa. Kaga kunun zaki bayan an sheƙa tafasasshen ruwa kan gasarar geron ta yi kauri, ba'a zuba ɗanyen ƙullun mai tsiro ko dankali nan take, sai ya huce ya sauko wajen digiri 60 zuwa 70, a nan ne abin da ke cikin tsiron yake narkar da kaurin ya maida shi zaƙi, in zafi ya kai 80 ya mutu kenan sai kunu ya fito da kauri ba zaƙi a ƙare da loda masa sukari riba ta tafi. Yawur ma haka, madara ta hau 85 sannan a sauko da ita 43 ko 45 kafin a sa irin yawur, a rufe da bargo awa 5 zuwa 6. Tsofaffinmu da yatsa suke ganewa kuma suna dacewa, amma wadda zata fara yanzu ka saya mata termometa mai dogon tsinke, ɗan ƙaramin abu ne kuɗinsa ba yawa kuma shi zan fara sawa a jaka kafin komai.

Abin da yawanci ke yi shine su ɗura kunu da ɗuminsa a gorori su jera a firiza. Ranar da mai ɗakina ta kaini gidan wata maƙwabciyarmu a Birni naga abin da idona, firiza nata gurnani jikinta zafi rau ko hannu baka iya ɗorawa, gororin gefe sun daskare na tsakiya kuwa ɗumi sun kumbura gindinsu ya turo har basu tsayuwa, ana buɗe ɗaya ya yi tsiit kumfa ta biyo. Wannan kunun ya fara tashi da kansa kenan, kuma ka sani in aka barshi ya ci gaba inda zai dosa ba abin da ake so a gidan musulmi bane balle a sayar wa mai azumi. Ita kuma baiwar Allah ranar ta yi asarar tiya biyu ta gero da sukarinta.

Lissafin ba wuya, kilo guda na ƙanƙara in ya narke zafin da yake sha daidai yake da rage wa lita guda na ruwa zafi da digiri 80, ma'ana lita 20 daga 80 zuwa 40 sai ya lashe ƙanƙara kilo 10. Shi yasa wannan zangon na farko ruwa ake sawa ya yi aikin, a tsoma tukunya cikin babban baho ana juyawa ana canza ruwan, sai ya sauko sannan ƙanƙara ko firiza ta ƙarasa. Turawan Jamus da Amurka masu dafa giyarsu a gida suna da wani bututu naɗaɗɗe da suke tsomawa cikin tukunya ruwan famfo na ratsawa yana fita da zafin, mu ba ruwanmu da abin da suke dafawa amma dabarar nada kyau, sai dai kasan halin ruwa a garin nan, wanda ke saye hannun 'yan garuwa bazai saki famfo yana zuba ba, ga ruwan namu a bazara shi kansa da ɗumi yake fitowa. Baho ya fi mana, ruwan kuma a yi wanke-wanke da shi. Randar Mirya ma kar ka raina ta, ruwan da ya kwana a ciki an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu yana yin sanyi sosai lokacin da iska ke bushe, da damina ne kawai ƙarfinta ke raguwa.

Firiza kuwa kwantacciya mai murfi sama zaka saya, sanyi ƙasa yake zama ko an buɗe baya zubewa, in an ɗauke wuta tana riƙewa awanni da yawa muddin a cike take ba'a yawan buɗewa, mai gilashin nan kyau ne kawai da rana guda zata nuna maka. Kuma ka duba takardar da ke manne a bayanta akwai harafin da ke faɗin zafin da aka ƙera ta dominsa, N iyakarta digiri 32, ST 38, T kuma 43. Da yawa cikin na hannu da ake kawowa daga Turai N ne ko SN (ita ma iyakarta 32 ce), mu kuwa watan 4 da na 5 muna haura 40, shine zaka ga injin baya hutawa har ya ƙone. T zaka nema ko da ta fi tsada. Ka haɗa mata da regulata mai jinkirta kunnawa minti 3 zuwa 5 in wuta ta dawo, a aje ta inuwa a bar tazara tsakaninta da bango. Akwai kuma wata 'yar na'ura STC-1000 da ke kashe firiza ta kunna ta a digirin da ka zaɓa, da ita yawur zai zauna a 4 ko 5 bai daskare ya tsinke ba, mai gyaran firigo zai haɗa muku. Maganar sola ka barta tukun sai sana'a ta kama, batir ne ke cin kuɗin.

Abin da zaka taho da shi daga can termometa biyu da na'urar STC-1000 ɗin nan in ka samu, sauran duk akwai su nan, in ka turo kuɗin ni da kaina zan je in duba harafin kafin a biya. Mai ɗakina tace uwargidanka ta zo ran asabar da safe su yi tukunya guda tare ta ga yadda ake yi. Ka faɗa min nawa ka ware gaba ɗaya da kuma wane wata kake sa ran zuwa. A gaida mutanen gidanku duka, Allah ya tsare ya bada sa'a.

Naka amininka na Birni