Kafin a ɗaure kaya, a duba takardu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna jan hankalin magidantan Garwa, Marwa da Ngaundere masu niyyar ƙaura da iyali zuwa waje. Takarda ce ke fara kayar da mutane. Auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai ba ya shiga lissafin ofishin jakadanci, sai an yi rajistarsa a ofishin magajin gari. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa da wuri ba, sai kotu ta yanke hukunci kafin a ba shi, kuma abin yana cin lokaci. A duba rubutun suna: Mohamadou a fasfo, Mahamat a takardar haihuwa, ya isa a mayar da fayil.

Mai mata biyu ya sani, Faransa ba ta ba wa ta biyu izinin zama da shi. Tun 2004 dokarta ta hana hijabi a makarantun gwamnati. A tambayi ra'ayin 'yan matan gidan tun a nan.

Masu hangen Saudiyya kuwa, bizar Umra ba ta aiki ba ce. Wanda ya maƙale babu iƙama, wato takardar izinin zama, asibiti da makarantar yara sai su gagare shi.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara na kowa ya kasance a jakar hannu.

Wasu masu karatu,
Garwa, Kamaru