Maganar kajina ta sa Yaya ya hana 'ya'yansa rigakafi

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da abokan aikinka na wannan shiri, Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana, domin waɗanda maganar ta shafa duk masu sauraronka ne, kuma Daura ba ta da faɗin da mutum zai ɓace a cikinta.

Ni mai kiwon kajin ƙwai ne, ɗan gidan kajina yana ta wajen hanyar Zango, kuma shekara bakwai ke nan da wannan sana'a nake ci da iyali. Bara na sa aka kawo mini 'yan tsaki 500 daga kudu. Sun tashi lafiya lau, na ba su Lasota, wato rigakafin cutar fakat, da na cutar gumboro kowanne a kan lokacinsa, har na fara lissafin kiret nawa zan riƙa kwashewa a rana. Suna shiga mako na goma sha biyar sai abu ya ɓullo. Za ka ga kaza ta zube, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya ta miƙe baya, fiffike ya saki, tana kallon abinci ba ta iya isa gare shi. Wasu idonsu ya koma ruwan toka. Na ɗauka ƙarancin bitamin ne, na yi ta zuba musu a ruwa. Kafin in farga sittin da 'yan kai sun tafi.

Likitan dabbobi da na kira ya feɗe guda biyu a gabana. Hanta ta kumbura da fararen ƙulle-ƙulle, jijiyar cinya ɗaya ta yi kauri fiye da 'yar'uwarta. Ya ce wannan cutar Marek ce, kuma ba ta da magani. Na ce ina, ai an yi musu allurarta tun ranar ƙyanƙyasa, ga ma takarda. Ya ce allurar tana da saurin lalacewa idan ba a adana ta a tsananin sanyi ba, ko aka haɗa ta aka bar ta ta daɗe kafin a yi. Ya ce kuma ko an yi ta daidai, sai ɗan tsako ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kama jikinsa, alhali ƙwayar cutar tana yin watanni da ranta a cikin ƙurar ɗakin kaji. Nan na yi shiru, don na san abin da na aikata. Na sayar da tsofaffin kajina gab da salla, na share ɗakin sama-sama, kwana huɗu na zuba sabbi. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba shi ya sa na rubuto ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da ya yi yana wanke hannu. Ya ce rigakafin Marek yana da yoyo: yana hana kaza shanyewa da mutuwa, amma ba ya hana ta ɗaukar cutar, ba ya kuma hana ta rarraba ta. Wai waɗannan ɗari huɗu da suka rage, masu ƙiba da jan tukku, da yawansu suna ɗauke da ita, suna kaɗe ta cikin amosanin da ke fita daga tushen gashinsu, iska tana kwasa.

Ƙanena yana karatun likitan dabbobi a Zariya, da ya zo hutu na tsare shi da tambaya, shi ya warware mini sauran. Ya ce wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai suna Marek ne ya fara bayyana cutar a 1907, a jikin wasu zakaru huɗu, kuma a wancan zamani shanyewar ƙafa ce kawai da ba ta cika kisa ba. Da kiwon kaji ya koma na dubbai a ɗaki guda sai ta yi ta ƙara zafi. A 1970 aka fito da rigakafi a Amurka, an samo shi daga wata ƙwayar cuta mai kama da ita da ke jikin talotalo. Ya yi aiki ƙwarai, amma bayan kamar shekara goma sai ga nau'in da ya fi ƙarfinsa. Aka haɗa rigakafi biyu wuri guda, aka samu sauƙi, can kuma sai ga wanda ya fi wancan, har aka koma ga wani rigakafi mai suna Rispens da aka samar a Holan. A 2015 wasu masana, Andrew Read na Amurka da Venugopal Nair na Ingila da abokan aikinsu, suka yi gwaji. Suka sa wa kaji marasa rigakafi nau'in da ya fi kowanne zafi, cikin kwana goma duk suka mutu, kafin ma su samu damar yaɗa ta sosai. Masu rigakafi kuwa suka rayu, suka yi ta fitar da ita, kajin da aka zuba tare da su ba rigakafi suka kamu suka mutu.

Yadda na fahimci abin da hankalina na ɗan kasuwa shi ne, cuta mai saurin kisa wutar kara ce, tana cinye karan ta mutu nan take. Rigakafi mai yoyo kuwa yana mai da kaza gungume: wutar tana ci a cikinsa kwana da kwanaki, shi bai ƙone ba, yana ta feshin tartsatsi. Wutar da da ta kashe kanta da kanta ta samu mazauni. Ƙanen nawa ya ja mini kunne cewa su masu gwajin da kansu sun ce ba su tabbatar rigakafi ne ya haddasa ƙaruwar zafin cutar ba, abin da suka nuna shi ne yana ba mai zafin damar wanzuwa, kuma cunkoson kaji ma yana da nasa kason. Wannan jan kunnen shi ne na bari a gida ranar da na je majalisa.

Likita, ka san ɗan'adam da sabon ilimi, kamar yaro ne da sabuwar riga. Bayan isha'i muna zaune a ƙofar gidan babban wanmu, ana shan shayi, aka tambaye ni labarin kaji, ni kuwa na baje kolin duk abin da na ji, har da ƙarin gishiri. Na ce ashe rigakafi yana iya ƙara wa cuta ƙarfi, Turawa da kansu sun gwada sun gani. Mutane suka yi ta salati, ni ina jin daɗi an ce na san abu. Yaya bai ce uffan ba, sai da aka watse ya dafa ni ya ce, "To ka ji da kunnenka, abin da nake faɗa shekara ashirin ke nan kuna ce mini ɗan gargajiya."

Yaya shi ne ubanmu tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, shi ya ba ni jarin farko. Ba jahili ba ne, kullum rediyo na kunnensa. Tun gwajin maganin da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 zuciyarsa ta ƙi duk abin da aka kawo kyauta, rikicin allurar shan inna na 2003 kuma ya ƙara masa. Da ƙyar da siɗin goshi, da sa bakin mai unguwa da limaminmu, ya sassauto a 'yan shekarun nan har yana barin a ɗiga wa yaransa. Yanzu ya koma gidan jiya, kuma ni ne hujjarsa. Masu rigakafi sun zo gida-gida ya ce kada su taka masa zaure. Da mai unguwa ya yi masa magana sai ya ce a je a tambayi ƙanensa mai kaji.

Na koma na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ce Yaya, rigakafi ba iri ɗaya ba ne. Na agana ya toshe cutar har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 1980, wa ka ƙara gani da zanen agana a fuska in ba tsofaffi ba? Bushiya da ta riƙa share garken Fulani, da allura aka kawar da ita, tun 2011 aka rufe babinta. Na ƙyanda ma ƙanena ya ce yana hana kamuwa da yaɗawa gaba ɗaya ga mafi yawan yaran da aka yi wa. Kuma ko a kajin, wa ya mutu a gwajin? Waɗanda ba a yi wa ba. Ni kaina da na ji duk wannan ban daina yi wa kajina ba, don in na daina ɗakin zai zama maƙabarta.

Sai ya ɗauko shan inna. Ya ce ai shi ya ji a rediyo cewa tun 2020 aka ce ainihin shan inna ya ƙare a Afirka, na ƙarshe a Borno aka gan shi a 2016, to wanda ake ta bin gida-gida a kansa yanzu daga ina ya fito in ba daga cikin ɗigon ba? Likita, nan ya ɗaure ni, domin akwai gaskiya a ciki. Na sake kiran Zariya. Ƙanena ya ce ɗigon ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, tana fita ta bayan gidan yaron da aka ɗiga wa. A unguwar da kusan kowane yaro ya samu, nan take mutuwa don ba ta da wurin zuwa. A inda yara da yawa ba su samu ba kuwa, sai ta yi ta tsallake daga wannan zuwa wancan watanni da yawa har ta farfaɗo da ƙarfinta ta shanye wani. Ya ce haka ta faru a Arewa daga 2005, bayan an yi kusan shekara ana ƙin ɗigon, kuma saboda haka ne aka kawo sabon ɗigo a 2021 wanda ya fi wuyar rikiɗewa. Na kai wa Yaya wannan bayani yadda na iya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato dai ka yarda daga cikinsa take." Ya shige gida.

Akwai kuma wani abu da ke cina a ɓoye. Bayan katangar gidan kajina akwai wata tsohuwa da muke ce wa Gwaggo, tana da kajin gida kamar goma sha biyar, da su take sayen sabulu da goro. A hunturun da ya wuce suka ƙare saura uku. Kowa ya ce fakat ne, kuma lokacinsa ne, don da sanyi yake zuwa. Amma na ga ɗaya da idona kwance a gindin rumbu, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Iskar hunturu daga wajena take kaɗawa zuwa wajenta. Na saya mata buhun gero na ce sadaka ce, ta yi ta sa mini albarka, albarkar tana mini nauyi. Kashin kajin ma buhu-buhu nake sayar wa manoma su yi taki, kuma ba wanda na taɓa ce wa ya nisanta shi da kajinsa. In na fito na faɗa, na tabbatar wa Yaya da unguwa cewa rigakafi na kashe na maƙwabta. In na yi shiru, haƙƙin maƙwabtaka fa?

Abin da ya sa na kasa jira shi ne wannan. Amaryar Yaya tana da goyo, yarinya ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda ya yi. Uwar ta taɓa rasa ƙaninta da ƙyanda tana ƙarama, kuma ta ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da nan jiharmu a 2023. Ta zo wajen maiɗakina tana kuka, tana roƙon in maiɗakina za ta kai namu yaron asibiti ta karɓi yarinyar kamar za su unguwa, a yi mata ba da sanin Yaya ba. Maiɗakina ta ce sai abin da na ce. In na yarda, na ci amanar mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa, kuma ranar da ya gano, auren yarinyar nan na iya girgiza, zumuncinmu ma haka. In na ƙi, wani abu ya sami jaririyar, bakina ne sila tun daga tushe.

Don haka nake roƙonka abu uku, ko da yake na ukun ya fi damuna. Ka yi bayani da bakinka a shirin, a cikin alluran da ake yi wa yaranmu, akwai wadda ke da irin yoyon na Marek har a ji tsoron ta ƙara wa cuta zafi? Yaya zai kawo maganar allurar korona, don ya san waɗanda aka yi wa kuma suka kamu, gara ka riga shi. Ka faɗi gaskiyar duka, da mai daɗi da marar daɗi, domin irin Yaya da ya ji an rufe wani gefe shi ke nan an rasa shi. Sannan ka gaya mini abin da ya wajaba a kaina game da Gwaggo da masu sayen taki. Sai kuma maganar jaririyar: in bari a kai ta a ɓoye, ko in sake tunkarar Yaya, kuma da wa zan je, tunda ni yanzu maganata ba ta da daraja a wajensa sai wadda na yi a majalisa?

Ranar Talata ake rigakafi a asibitin unguwarmu, kuma maiɗakina ta ce wa amaryar ta dakata zuwa Talatar sama. Don Allah in da hali a karanta wasiƙar nan kafin lokacin. Yaya yana sauraron shirin a zaure, ni ma zan je in zauna kusa da shi.

Wassalam.
Naka mai saurare kullum,
Mai kiwon kaji, Daura.