Rahoton Ayyukan Shekara: Itatuwa, Kududdufai da Tsuntsayen Birnin Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Mun buɗe shekara da zagayen wuraren da suka ci sunan itatuwa, irin su Kurna, Ɗorayi da Kasuwar Rimi, muna tambayar dattawa ina itatuwan da suka ba wurin suna. Amsar galibi ɗaya ce: an sare, an yi gini.

Wannan ne ya sa muka sauya tsarin dashe. Bara dogon yaro muka cika rabawa don saurin girmansa, amma baƙo ne daga Indiya, kuma shi kaɗai ba zai riƙe tsuntsaye da ƙudan zuman gari ba. Bana sai muka kai tsamiya, kanya, kurna da gawo makarantu da harabar masallatai. Gawo ya fi burge yara, da suka ji cewa da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar. Sai dai mun yi sakaci wajen shinge. Duk dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, awaki sun cinye shi tun kafin kaka. Laifinmu ne.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne ƙirgar tsuntsaye. Matasanmu sun yi ta sammako bakin mahauta, sun rubuta shirwa, hankaka da balbela, amma shafin ungulu ya dawo fari fat. Wanda ya tashi a garin nan ya san yadda take jeruwa a kan katanga tana jiran mahauta su tashi. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don magani. Mun fara zama da masu maganin gargajiya a kan haka, kuma sun saurare mu.

Kududdufai kuwa, waɗanda aka haƙa don ƙasar ginin gidaje da ganuwa, su ke shanye ruwan sama, su ke raya kwaɗi da tarwaɗa. Ana ta cike su da shara ana yanka filaye. Mun rubuta wa hukumar da abin ya shafa, muna jiran amsa.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu buɗe namu wurin renon dashe. Kowa ya taho taro na gaba da irin tsamiya ko na ɗorawa, tare da kuɗin wata.